Mun Tsira da Kuɗin Kujera

A tashar jirgin ƙasa ta birnin Rum na san ko wane ne Alhaji Garba. Kafin nan sanin shanu na yi masa. Ɗan kwangila ne daga Safana, mijin Hajo 'yar kawuna. Kuɗin fetur ya same shi yana sayar da kananzir a kwalba, ya wayi gari yana gina kwalbatocin da ruwan farko ke tafiya da su. Ya taɓa yin wani kwas na 'yan watanni a Ingila, kuma tun daga nan babu maganar Turai da za ka ɗauko ya bar ka ka kai aya.

Ni a lokacin ina karatun likitan dabbobi a Jamus. Abin da ya sauko da ni Rum shi ne Kawu Buba, wan mahaifiyata, Bafulatanin Babban Duhu, wanda kafin wannan tafiya iyakarsa Kaduna. Idonsa na dama ya riga ya tafi. Na hagu ne ya rage, shi ma likita ya ce ruwa na taruwa a ciki yana danne jijiya. Ya ba shi maganin ɗigawa safe da rana da dare, ya ce wannan riƙon ƙwarya ne, aiki ake bukata, kuma da wuri. Na yi ta zarya har na samo masa ganin wani likitan ido a birnin Munik, can Jamus, ranar Litinin, wadda daga ita likitan zai tafi hutun bazara. Kawu ya sayar da bijimai, ya damƙa kuɗin a hannun surukinsa, suka taso daga Kano. Jirgin sama ya sauke su Rum ranar Juma'a, don tikitin Rum ya fi araha, kuma Alhaji ne ya saya.

Wani dillalin tikiti a Kano ya haɗa shi da fas guda uku, har da nawa. Fas ɗin nan takarda ce da ke ba ka damar hawa jiragen ƙasa na Turai iya son ranka, har wa'adinta ya cika. Sai dai hawa take ba ka, ba zama ba. In kana son kujera taka ta kanka, ko jirgi mai gudu, sai ka je tagar masu sayar da tikiti ka ƙara ɗan abin da bai kai tsiren da Alhaji ke ci da yamma ba, a rubuta maka lambar tarago da ta kujera.

Na ce, "Alhaji, akwai jirgin gobe da safe, kai tsaye har Munik. Mu kama kujeru uku, kafin isha mun isa, Kawu ya samu Lahadi ya huta."

Ya dube ni kamar na roƙe shi motarsa. "Malam Iro, karatun ga naku bai hana a cuce ku ba. Na biya kuɗin jirgi tun Kano, in zo nan kuma in biya kuɗin zama? Gobe sai su ce in biya na numfashi. Ni na zauna Ingila, na san ta kan Turawa. Kujera ta wanda ya riga ce, kamar motar Batsari ran kasuwa."

"Nan ba Batsari ba ce, Alhaji."

"To ai shi ya sa. Nan kujerun ma sun fi yawa." Sai ya rage murya, ya ɗan karkata kai wajen da Kawu ke tsaye da sandarsa. "Kuma ka duba wani abu. In an rubuta mana lamba, ɗaki guda za a cusa mu cikin tarago, gwiwata na gugar gwiwar Baba yini guda. Kai ka ga ya dace?"

Nan ya kama ni, kuma ya san ya kama ni. Tun da aka ɗaura auren Hajo, Kawu bai taɓa ambaton sunan Alhaji ba, "mutumin Safana" yake ce masa. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. In Alhaji ya durƙusa gaisuwa, Kawu kan kau da kai gefe ya amsa wa bango. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakina take bi. Kunyar Kawu ta gaske ce, da ita aka haife shi. Ta Alhaji kuwa ba ta motsawa sai in za a ciro kuɗi.

Na ja Kawu gefe na yi masa bayani da Fillanci. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Iro, mutum ya baro aikinshi da iyalinshi ya rako ni. Ba a ja da shi kan kujera." Ni kuwa alawus ɗinmu na gwamnati ya maƙale a Legas kamar yadda ya saba, ɗan abin da ke aljihuna a hanyar zuwa ya ƙare. Alhaji ya tattara fas ɗinmu da fasfon Kawu da kwalbar maganin ya zuba a jakar hannunsa mai makulli, wai shi ne jagora. Fasfona kawai na hana shi.

Dabararsa ta farko ita ce mu shiga jirgin mai gudun, mu zauna inda muka ga babu kowa. Da safiyar Asabar muka yi haka. Na zaunar da Kawu a bakin taga, shi kuma Alhaji ya wuce ɗaki na gaba. Ba mu jima ba sai ga wani saurayi, gashi har kafaɗa, wandonsa kamar an ɗinka a jikinsa. Ya duba lambar da ke saman kujerar, ya duba 'yar takardarsa, ya miƙo ta daidai hancin Kawu ko sallama babu. Kawu ya zaci kyauta ce, ya sa hannu biyu zai karɓa. Da na gaya masa abin da ake nufi, ya dafa sanda ya miƙe, har yana ba yaron haƙuri. Mutum huɗu ne a ɗakin, kowa ya ƙara cusa kai cikin jaridarsa. A Batsari yaron da ya ta da tsoho daga kan tabarma, kafin la'asar labari ya isa gidan ubansa. A nan kuwa yaron ya miƙe ƙafa ya ciro tuffa yana gatsa.

Kwandasta ya zo ya same mu a siririn lungun da ke gefen ɗakunan. Ya ce wannan jirgi sai da ƙari, a biya yanzu ko a sauka a tasha ta gaba. Alhaji ya buɗe masa Turancin Ingila, da ya ga bai gane ba sai ya ƙara ƙarfin murya, kamar kurma yake yi wa magana. Kwandastan ya tsaya da hannu a buɗe yana jira. Alhaji ya juyo gare ni ya ce, "A hwaɗa wa Baba za mu sauka mu sha iska. Waɗanga ɓarayi ne."

Muka sauka a wani gari da ban ma riƙe sunansa ba. A nan aka fito da dabara ta biyu, wato ƙananan jiragen da ba a kama kujera a cikinsu. Su ne masu tsayawa a kowane ƙauye, su jira mai kaji ya sauke kajinsa. Alhaji ya tsaya gaban allon lokutan jirage, hannu a baya kamar sufeton makaranta, ya zaɓo mana wani. Muka yi ta jira a rana har na je na duba da kaina, na tarar jirgin ba ya tashi ran Asabar. Da na gaya masa, ya ce ai a Ingila yana tashi.

Wanda muka samu daga baya cike yake, ga zafin watan Agusta. Kawu ya yi tafiyar a tsaye, hannu ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a kafaɗata. Lokacin maganin rana ya zo ya wuce, don Alhaji na can wani tarago da jakarsa, kuma ba hanyar ratsawa. A wani wuri jirgin ya bi ta gefen tudu, sai na ji Kawu ya matsa kafaɗata. Wasu fararen shanu ne manya suke kiwo. Ya kanga hannu a goshi ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kamar namu, sai dai ƙahon bai kai ba." Sannan ya ce yanzu a gida gero ya fara fitar da kai, ko yara sun kai garken fadama. Ni ma a lokacin da za a ce in zaɓa tsakanin Turai gaba ɗaya da inuwar ɗorawar bayan gidanmu, ba zan tsaya tunani ba.

Muka isa Bolonya da magariba. Otal, in ji Alhaji, wata cutar ce, ga ɗakin jira da benci kyauta. Ya saya wa kansa kaza, ya ɓuya bayan ginshiƙi yana ci, wai kunya. Kawu kuwa muddin surukinsa na cikin ɗakin ko ruwa ba zai kurɓa ba. Sai da na fita da shi waje, bakin wurin ajiye kekuna, ya ci ɗan kilishin da Hajo ta ƙulla masa.

Da safiyar Lahadi muka samu jirgin da aka ce zai haura arewa har Munik. Alhaji ya gano cewa a cikinsa akwai taragon da ba a kama kujera, ya zo yana murmushi kamar shi ya ƙera jirgin. Abin da bai gano ba shi ne, rabin ƙasar ma sun san da haka. Leburori ne 'yan kudancin ƙasar masu komawa masana'antun Jamus bayan hutu, da matansu da 'ya'yansu, da kwalaye ɗaure da igiya, da tulunan man zaitun. Aka turo mu cikin lungu, aka turo wasu a kanmu. Wata mata mai baƙaƙen kaya, ta kai sa'ar mahaifiyata, ta dubi Kawu, ta daka wa ɗanta tsawa ya tashi daga kan akwatinsu, ta kama hannun rigar Kawu ta zaunar da shi. Ashe a ƙasar akwai masu tarbiyya, ba sa dai hawa jirgi mai gudu.

Cunkoson ya matse Alhaji har cikinsa na taɓa rawanin Kawu. Kawu ya juya fuska ga bango, wuyansa a murɗe, gumi na zuba. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya ce da ni, "A ce wa mutumin Safana ya nemi wuri ya huta."

Ban taɓa ganin an bi umarni da sauri haka ba. Na ce, "Alhaji, bar mana maganin."

"Makullin na ƙasan aljihu, ina zan iya ciro shi cikin wanga matsi? Azahar na kawo da kaina." Ya ɗaga jakar sama da kansa, ya kutsa baya.

Ga abin da 'yar takardar kama kujera ke yi maka wanda Alhaji bai sani ba, ko da yake ya zauna Ingila. Ba kujera kaɗai take ba ka ba, tana sa ka a taragon da zai kai ka inda za ka. Jirage da yawa a can haɗe-haɗe ne, kowane tarago da ɗan allonsa a jiki mai sunan garin da ya nufa. A tashar Berona muka ji an girgiza mu, ƙarafa suka yi ƙara, muka daɗe a tsaye, sannan muka ci gaba. Ban kawo komai a raina ba. Da rana ta take ban ga Alhaji ba, sai na bar Kawu a hannun matar nan, na bi ta kan kwalaye da ƙafafun mutane ina ba da haƙuri. Na ratsa tarago biyu, na isa wata ƙofa a kulle. Na leƙa ta gilashinta, babu komai sai layin dogo yana gudu baya.

Kwandastan wannan jirgi ya fi na jiya sauƙin kai, amma ba shi da abin yi mana. Ba fas, ba tikiti, kuma da ya ji fasfon tsohon ma ya tafi, ya ce ko ya ƙyale mu, a kan iyaka za a sauke mu cikin duwatsu. Matar nan ta yi ta yi masa faɗa da harshensu tana nuna Kawu tana nuna sama. A tasha ta gaba muka sauka. Ta miƙo mana burodi da tumatir ta taga, da wani farin ƙyalle da ta jiƙa da ruwa, tana nuna idonta. Ita ta riga ni lura cewa idon Kawu ya yi ja.

Ƙaramar tasha ce a tsakiyar gonakin inabi, ɗakin jira ɗaya, benci biyu. Shugaban tashar dattijo ne da ya taɓa yin leburanci a Jamus, don haka muka iya fahimtar juna. Ya yi ta buga waya daga tasha zuwa tasha. Can wajen la'asar ya fito ya ce an samu wani baƙin mutum mai babbar riga a birnin Benis, yana ta yi wa ma'aikata ihu da Turanci. Na ce shi ne. Dattijon ya ce akwai jirgi mai gudu da zai dawo da shi Berona kafin duhu, daga nan ya iso mu, mu kama na dare mu wayi gari a Munik. Ya koma ya isar da saƙon. Da ya sake fitowa, ya daɗe yana share tabarau kafin ya yi magana.

"Abokinku ya tambaya ko jirgin sai an biya kuɗin kujera. An ce masa e. Ya ce zai jira na talakawa."

Na sha jin haushin mutane a rayuwata, amma ranar nan na san bambancin haushi da ƙiyayya.

Washegari ranar wani babban bikinsu ce, tun Lahadin ma garin ya rufe. Mai kantin magani ya tafi bakin teku, likitan garin ma haka. Matar shugaban tasha ta kawo ƙwayar ciwon kai da miya a kwano. Kawu ya kwanta a benci, ƙyallen nan a kan fuskarsa. Jijiyar gefen goshinsa na harbawa, ya yi amai har ba abin da ya rage a cikinsa, kuma duk sanda na tambaye shi sai ya ce, "Jam," wato lafiya lau. Dattijon ya ce zai sa mu a jirgi kyauta mu koma asibitin Berona. Na durƙusa gaban Kawu na roƙe shi.

Ya ce, "An hwaɗa mishi nan muke?"

"An faɗa."

"To in ya zo bai iske mu ba fa? Ya sha wahala saboda ni, ya zo kuma ya tarar na tahi? Me za a ce a Safana?"

"Kawu, idonka ne."

"Ido na Allah ne, Iro. Ɗiyata na gidanshi."

Na yi tunanin in ɗauke shi da ƙarfi, har na kama hannunsa. Ya zare shi a hankali, ya ce kada in sa ya yi mini baki a ƙasar mutane. Daga nan bai ƙara magana ba sai salati. Sallolinsa a kwance ya yi su, ni nake gaya masa lokaci.

Litinin ta waye. Kowane jirgi ya tsaya sai in fita dandamali in duba, in dawo. Akwai agogo babba a saman ƙofar ɗakin jiran, ina kallo lokacin da likitan Munik ya ba mu ya zo ya wuce. Wajen azahar aman ya tsaya, numfashin Kawu ya daidaita. Ya ce ciwon ya lafa. Na yi hamdala, na ɗauka sauƙi ne.

Da la'asar sakaliya wani ɗan jirgi mai tarago biyu ya tsaya, sai ga Alhaji Garba ya sauko, jaka a hannu, a ɗaya hannun kuma wani ɗan kwalekwalen roba na ado da ya sayo wa yara. Tun daga dandamali ya fara ba ni labari. Gari ne a cikin ruwa, Malam Iro, ko kwalbati ɗaya babu. Jiya ƙananan jiragen sun ƙare kafin ya gama bincike, yau kuma ya hau wani ya wuce da shi, sai da ya dawo.

"Amma ka ga," in ji shi, yana bubbuga jakar, "tun daga Rum har nan ko kwabo ba su ci nawa ba. Likita kuma ai ba shi kaɗai ba ne a Jamus, a nemi wani."

Na karɓi jakar, na miƙa hannu ya ba ni makullin.

Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin jiran ya cire takalmi ya yi sallama. Kawu na jin muryarsa ya yunƙura ya tashi zaune, don ba a karɓar gaisuwar suruki a kwance. Ya cire ƙyallen daga fuskarsa, ya gyara rawani. Alhaji ya shigo da safa, ba motsi, ya zagaya ta bayan bencin ya durƙusa can gefen bango, nesa kaɗan, yadda ya saba. Ni ina tsugune ina kokawa da makullin jakar.

Kawu ya kau da kai daga ƙofa, inda ya ji sallamar, kamar yadda ya yi shekara da shekaru. Ya juya ga bango, fuskarsa ta tsaya daidai fuskar Alhaji, tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Idonsa a buɗe, bai ƙifta ba, bai sunkuyar ba.

Ya ce, "Iro, a ce wa mutumin Safana sannu da hanya. Mun wahalshe shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ɗago, ya tarar har yanzu idon na kansa. Ya gyara durƙuso, ya ja hula. Sannan ya matso kusa da ni ya yi raɗa.

"Malam Iro, lafiya? Me na yi Baba ke kallona haka?"

Kwalbar maganin na hannuna, na riga na buɗe murfin. Na ce, "Ba kallonka yake yi ba, Alhaji."